Zuwa Ga Masu Girkin Biki Da Gidajen Abinci: Maganar Kirafish Ɗin Da Ido Ba Ya Gani

Assalamu alaikum Hajiyoyi, iyayena da yayyena masu girkin biki, da ku masu gidajen abinci, da masu tebur a bakin tasha da ƙofar ma'aikatu. Sannunku da aiki, sannunku da hayaƙi.

Ni ma taku ce. Na yi shekaru ina alalar sayarwa da dafa-dukar suna a nan Kaduna, kuma duk wadda ta taɓa cin alalata ta tambaye ni me nake sakawa, dariya kawai nake yi. Kirafish ne. In daka shi lukui, in zuba a ƙullun wake, ba mai ganinsa, sai dai a ji daɗi a ce hannuna da albarka. Na faɗi wannan tun farko don kada wata ta ɗauka wata 'yar boko ce da ba ta taɓa hura murhu ba ta zo koya muku sana'a. Abincin da ya kusa kashe maigidana, hannuna ne ya dafa shi.

Shekara shida ke nan. A lokacin yana da shekara 39, kuma babu irin kirafish ɗin da bai ci ba a rayuwarsa, don a Kalaba ya yi bautar ƙasa, can kuwa kusan babu miyar da ake ɗorawa ba shi. Wata rana da daddare ya ci alala, ko kwano ban ɗauke ba ya ce tafin hannunsa na ƙaiƙayi. Can sai leɓensa ya kumbura, jikinsa ya yi ruɗu-ruɗu. Muka ce borin jini ne, ya haɗiyi Piriton ya kwanta, gari ya waye lafiya lau. Ba wanda ya kawo abinci a ransa. Bayan kamar wata guda na yi miyar agushi, na cika mata kirafish kamar yadda yake so. Loma biyar ko shida ya yi. Muryarsa ce ta fara canzawa, ta dishe kamar wanda ya kwana yana kuka, sai numfashi ya fara fita da fito, sai amai. Ya miƙe zai shiga banɗaki ya yanke jiki ya faɗi a tsakar gida. Maƙwabcinmu ne ya ɗauke mu a motarsa, Allah Ya saka masa da alheri. A asibiti aka soka masa allura a cinya, cikin 'yan mintuna na ga ƙirjinsa ya fara sauka daidai. Da likita ya gama tambayar abin da ya ci a wannan daren da wancan, sai ya dube ni ya ce, "Hajiya, daga yau kirafish ya bar gidanki."

Abin da ya fi ba ni mamaki, kuma shi ne mutane suka fi ƙaryata ni a kansa, shi ne yadda mutum zai shekara talatin da wani abu yana cin abu lafiya, rana ɗaya jikinsa ya juya masa baya. Ashe haka wannan alajin yake, wato lalurar da jikin mutum ke yin bore idan ya ci wani abinci. Da yawan alajin abinci, kamar na madara da ƙwai, da ƙuruciya suke kama mutum, yara da dama kuma suna girma su rabu da su. Na jatan lande da ƙaguwa kuwa ya fi son manya, kuma in ya zo ba kasafai yake tafiya ba. A Amurka an tambayi manya sama da 40,000 a wani bincike da aka fitar a 2019, aka samu wannan shi ne alajin abincin da ya fi yawa a tsakaninsu, kusan mutum 3 cikin 100. To su da suke ganin jatan landensu kwance a faranti da ƙafafunsa ke nan. Mu namu a dake yake.

Nan ne matsalarmu ta bambanta. Abin da muke kira kirafish ƙananan jatan lande ne da ake kamowa a gaɓar teku, a busar, a loda a buhu daga wurare irin su Oron a Akwa Ibom, a kawo mana har Sabon Gari. Mu ba nama muka ɗauke shi ba, kayan miya ne, ɗan uwan daddawa da dunƙule. Shi ya sa in aka tambayi mai abinci, "Akwai jatan lande a ciki?" sai ta ce babu, kuma har ga Allah ba ƙarya ta yi niyya ba, a tunaninta ana nufin manyan nan na otal. Alhali ta zuba cokali uku na dakakke a jalof ɗin. Iyayenmu ba su san shi a miyar kuka da miyar taushe ba, amma yau ya shiga ko'ina: alala, dafa-duka, faten doya, miyar ganye, miyar kuɓewa, dambun shinkafa, har yajin da ake barbaɗa wa ɗanwake wasu da shi suke haɗawa. Akwai dunƙulen da aka yi shi musamman da ɗanɗanon kirafish. 'Yan uwanmu na zango a Gana kuwa, shiton da suke zuba wa wake da shinkafa da busasshen jatan lande ake soya shi. Kwalba guda aka taɓa kawo mana tsaraba daga Kumasi, na karɓa na yi godiya, baƙuwar na fita na miƙa wa maƙwabta.

Akwai maganganu biyu da nake so, don girman Allah, ku cire su daga bakinku idan irin maigidana ya tsaya gaban teburinku. Ta farko ita ce "ai ɗan kaɗan ne." Ta biyu, "ai ya dahu sosai."

Abin da ke tayar da rikicin wani furotin ne da ke cikin naman jatan lande, likitoci na kiransa turofomayosin. Jikin mai alaji ya riga ya ɗauke shi abokin gaba, da ya ji shi sai garkuwar jiki ta yi ta sakin sinadaran da ke kumbura maƙogwaro, su matse hanyar iska, su sauke hawan jini warwas. Ba ruwanta da yawansa; abin da ya maƙale a bayan ludayi yana iya isa. Kuma wuta ba ta kashe shi. A tafasa, a soya, a busar a rana wata guda, yana nan. Don haka tsame jatan lande daga cikin soyayyar shinkafa a miƙa wa mutum sauran daidai yake da ba shi da shi. Wasu ma tururin tukunyar da ake dafa shi kaɗai na sa musu tari da shaƙewa. Abu na ƙarshe da likita ya ja mini kunne a kai: wai don wancan karon ƙaiƙayi kawai ya yi, ba shi ke nuna na gaba ma haka zai tsaya ba. Mu da kanmu shaida ne. In kuma mutum yana da asma, abin ya fi haɗari.

Na ɗauka in na fitar da kirafish daga kicin ɗina shi ke nan. Ashe da sauran aiki. Karo na uku da abin ya taɓa shi, ƙosai ne na gida, ni na wanke waken, ni na soya. Kwana biyu ina tunanin ta ina. Sai yarinyata ta ce ai wadda ke gabanta a layin injin markaɗe waken alala ta kawo, da kirafish a ciki, mai injin kuma ruwa kofi ɗaya ya watsa ya zuba namu. Wa zan zarga? Shi bai sani ba, ni ma da nake sana'ar ban taɓa tunanin haka ba. Tun ranar na daina kai markaɗe waje. Na sayi blanda, in babu wuta in koma dutsen niƙa irin na kakata. Turmin da na shekara ina daka kirafish a ciki na bayar da shi, don itace na riƙe abin da aka daka. Haka yake a wurinku: ludayi ɗaya da ke yawo tsakanin kula biyar, man da aka soya jatan lande aka sake soya kaza a ciki, hannun da ya ɗebi garin kirafish ya koma yanka kabeji. Kifi ma, wanda maigidana ke ci lafiya don furotin ɗin da ke sa alajin kifi daban ne, sai na wanke busasshen sau uku, saboda a kasuwa tire ɗaya ake baza su da kirafish, mudu ɗaya ake aunawa.

Wani abin da ya fi ƙona masa rai shi ne fara. Mutumin da ba ya wuce mai soyayyar fara da yaji bai tsaya ba. Likita ya ce ya haƙura, domin fara da gyare da kyankyaso da 'yan ƙananan ƙwarin da ke cikin ƙurar katifa duk suna da furotin mai kama da na jatan lande, jiki kuma ba ya tsayawa bambancewa. Da na faɗa wa wata ƙawata sai ta ce likitocin zamani da ƙaƙale. Amma ko Tarayyar Turai, da ta amince a fara sayar da fara a matsayin abinci a 2021, sai da ta wajabta a rubuta a jikin ledar cewa tana iya tayar wa masu alajin jatan lande. Dodon koɗi da sauran masu ƙwanso su ma an ce ya kiyaye, ko da yake dama ba cimarmu ba ce.

Ciwon jiki ke nan, shi yana zuwa ya wuce. Wanda ba ya wucewa shi ne abin da ya yi wa zamansa da mutane, kuma shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Kun san mu. A ƙasar Hausa a ajiye maka kwano ka ƙi buɗewa ba ƙaramin abu ba ne. Maigidana mutum ne mai zumunci, ba ya rasa ɗaurin aure, ba ya rasa zaman makoki, in an baza tire shi ne mai ba da labari ana dariya. Yanzu in aka zo raba abinci sai ya ce yana da waya, ya fita waje. Da farko yakan yi bayani, sai ya gaji, don amsar ba ta wuce, "Haba Malam, ka yi bismilla kawai, Allah ne mai karewa." An ce girman kai ne, tun da ya samu ƙarin girma a wurin aiki ya daina cin abincin talakawa. An ce tsirfa ce. Wani ya ɗauka wata sabuwar fatawa ya ji, har ya zauna yana karanto masa cewa a mazhabar Malikiyya abin da ke cikin ruwa halal ne, kamar dai shi ya ce haram ne. Wata gwaggonsa kuwa, da ya ƙi cin tuwon da ta aiko, sai ta yi fushi ta ce ashe ana zarginta da sammu, wata huɗu ba ta taka gidanmu ba. Ni ma na samu rabona: wai na shanye shi, ba ya cin girkin kowa sai nawa. Na ji wannan da kunnena a gidan suna, ina bayan labule ina sa wa yaro wando.

Azumi ya fi kowane lokaci wuya. Kwanuka na shigowa daga maƙwabta, yara na murna, ni kuwa ina tsaye ina rarrabewa kamar ma'aikaciyar kwastan. A masallaci dabino da ruwa kawai yake taɓawa, sai ya dawo gida. In aiki ya kai shi Legas ko Fatakwal, jakarsa rabi kaya ce rabi abinci: soyayyen nama, ƙuli-ƙuli, garin kunu, burodi. Ya taɓa yin kwana huɗu a taron ma'aikata a babban otal yana shan shayi da dafaffen ƙwai, abokan aikinsa na cika faranti. Bai taɓa yi mini ƙorafi ba, sai ranar da ya dawo ya ce, "Kin san abin da na fi kewa? In ci abinci ban yi tunani ba."

Ni kuma ba ni da alajin komai, amma shekara shida ban ci kirafish ba, kuma sana'ar alala ta mutu, don kwastomomi sun ce ɗanɗanon ya canza, ni kuma ba zan shigo da shi gidan ba ko a leda biyu. In wayarsa ta yi ƙara biyu bai ɗauka ba da rana tsaka, lokacin cin abinci, gabana faɗuwa yake. Na koyi karanta ƙananan rubutun bayan kwali da gilashi a hanci cikin kanti, masu shago na kallona. Na koya wa 'yata mai shekara 12 abin da za ta yi in babanta ya faɗi ba na nan, abin da bai kamata yarinya ta ɗauka a kanta ba. Tafiyar kwana biyu zuwa gidanmu sai na cika firiji na rubuta wa kowane roba suna. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ba tausayi nake nema ba, so nake ku san abin da ke bayan tambayar nan da ke ba ku haushi in layi ya yi tsawo.

Dokar NAFDAC ta 2022 kan abincin da aka ƙunshe a leda ko gwangwani ta wajabta a bayyana irin waɗannan abubuwan, jatan lande da danginsa, gyaɗa, ƙwai, madara, kifi da sauransu. Wannan ya taimaka mini a kanti. Amma tuwon biki ba shi da kwali, yajin da ake ƙullawa a leda ba shi da rubutu. A ƙasashen Tarayyar Turai tun Disambar 2014 mai gidan abinci ma dole ya iya gaya wa mai saye ko akwai ɗaya daga abubuwa 14 da aka lissafa a cikin abin da ya dafa. Ingila ta ƙara tsaurara tata dokar a Oktoban 2021, bayan wata yarinya 'yar shekara 15 ta rasu a 2016 saboda riɗin da ke cikin burodin da ta saya ba a rubuta ba. Mu a nan babu jami'in da zai zo ya leƙa tukunyarki, Hajiya. Ke ce kwalin, ke ce rubutun.

Na san dalilin ɓoyewar, don na yi. Sirrin girki jari ne, in kin faɗa wa kowa gobe ta buɗe tebur kusa da naki. To ba awon nake tambaya ba, ba kuma yadda kike haɗawa ba. Kalma ɗaya ce: akwai ko babu. In kuma ba ke kika yi girkin ba, ko yaji sayowa kika yi, ko ba ki tuna wane dunƙule yaranki suka jefa ba, ki ce "ban sani ba." Wallahi babu amsar da nake girmamawa kamar wannan. Mai cewa ban sani ba ta rasa cinikin faranti ɗaya. Mai cewa babu don kada ciniki ya wuce ta, ita ce ta sa muka kwana a asibiti karo na huɗu, bayan wani ɗaurin aure, alhali sau biyu ya tambaya. Ba zan faɗi ko wace ce ba, na tabbata har yau ba ta san abin da ya faru ba, don ya riga ya bar wurin kafin abin ya taso. Yakan fara cikin mintuna, wani lokaci kuma sai an kusa awa biyu.

Yaran da ke raba muku abinci su ma a gaya musu. Su ne ke fuskantar mutane, ke kina can bayan rumfa. In uwar biki ta ce akwai baƙon da ba ya cin kirafish, a ɗebar masa nasa kafin a zuba, a tukunya wankakkiya da ludayinta, a rufe. Wata baiwar Allah da ta yi girkin bikin ƙanwata haka ta yi, ta ɗaure murfin kular da jan ƙyalle, ta kawo da hannunta ta ce, "Na Alhaji ne, ni na dafa, ko dunƙule ban sa ba sai gishiri da daddawa." Ranar ya zauna cikin 'yan uwansa ya ci ya ƙoshi, har da neman ƙari. Tun daga nan duk wanda ya tambaye ni mai girki ita nake nuna masa. Masu gidajen abinci da ke da allo ko takardar jerin abinci, alama ƙarama a gefen duk abin da ke da kirafish ba za ta ci muku ko sisi ba.

In kuma Allah Ya ƙaddara abin ya faru a gabanku, mutum ya ci abinci ya fara kumburin baki ko harshe, murya ta dishe, numfashi ya yi wuya, ko jiri ya ɗebe shi, kada a tsaya ɗura masa manja ko madara, ba guba ya sha ba, kuma wanda maƙogwaronsa ke rufewa ɗura na iya shaƙe shi. Piriton na rage ƙaiƙayi ne kawai, ba ya buɗe hanyar iska. Maganin shi ne allurar adirenalin a tsokar cinya ta gefen waje, da gaggawa, a sake bayan minti biyar in bai samu sauƙi ba. A ƙasashen waje masu wannan lalura na yawo da ita cikin wani abu kamar biro, irin su EpiPen, da kowa zai iya dannawa ko ta kan wando. A nan samunta wuya, ga tsada, ga ta da wa'adin lalacewa. Tamu sai an yi mana saƙo daga waje. Ku duba aljihunsa ko jakarsa, in akwai ku yi amfani da ita. A kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa, in numfashi ya fi damunsa a bar shi a zaune, amma kada a tsayar da shi ko a ce ya taka zuwa mota, a ɗauke shi. A nufi asibiti mafi kusa, kuma ko ya warware bayan allurar a kai shi, domin abin kan dawo bayan wasu awanni. Da an isa a faɗa musu abin da ya ci, da bakin wadda ta dafa in da hali.

Bayan sallah akwai bikin 'yar yayata, an ce mutum ɗari huɗu za a ciyar. Ban san wadda aka ba girkin ba tukuna. Ko wace ce a cikinku, za ki ga wata mata ta zagayo bayan rumfa tun kafin a sauke tukwane, da 'yar kula a hannu, tana tambayar me aka sa a jalof. Ni ce. Ki yi haƙuri da ni, ki ba ni minti biyu.

Wassalam,
'Yar uwarku, tsohuwar mai alala,
Kaduna.